Me Ya Hana "Casablanca" Tsufa?

Ran nan muka taru a wani zaure a Babban Dodo, cikin birnin Zariya, muka kalli Casablanca, fim ɗin da kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar a 1942. Baƙi da fari ne, ba rawa, harbin ma bai taka kara ya karya ba, amma har aka ƙare ba wanda ya motsa.

Ga yadda labarin yake. Rick, wato Humphrey Bogart, yana da gidan shaƙatawa a birnin Kasabalanka na Maroko, zamanin da gwamnatin Faransa ta Vichy ke biyayya ga Jamus. Kwatsam sai ga Ilsa, wato Ingrid Bergman, wadda ta yashe shi a Faris, ta shigo tare da mijinta Laszlo, wanda 'yan Nazi ke farauta. Takardun fita biyu rak ake da su, kuma suna hannun Rick. Da ya so, da ya tafi da ita, domin har yanzu tana sonsa. Amma sai ya sa ta jirgin sama tare da mijinta, shi ya tsaya.

A ganinmu nan asirin yake. Abin da Rick ya yi Bahaushe yana da sunansa, wato kara: ka bar abin da kake so, alhali kana da ikon ɗauka, kuma ba ka yi gori ba. Fina-finan soyayya da yawa da biki suke ƙarewa, kafin mu kai gida mun manta da su. Wannan kuwa mun fito muna gardama a kansa har Ƙofar Doka, wasunmu na cewa wauta ce, kuma ba su janye ba.

Sai dai kada daɗi ya rufe mana ido. A Kalifoniya aka ɗauki fim ɗin, mutanen Maroko kuwa ba a ba su komai ba sai talla da tsaron ƙofa, kamar ba garinsu ba. Alhali yaƙin ya shafe mu. Vichy ɗin nan ita ke mulkin Maraɗi da Damagaram har Nuwamban 1942, kuma daga nan Zariya Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a 1939, take ba jama'a labarin fagen daga. Kakannin wasunmu sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, sun bar amare a ɗaka. Wasu sun komo, wasu ko kabarinsu ba a gani ba, matan kuwa suka yi ta jira. Mu da muka san sunan Ilsa, mu nawa ne muka taɓa zama muka tambayi tsofaffin gidanmu sunayen waɗannan matan?