Kafin ka zuba kuɗinka a tsofaffin ƙarafan Cisco ko ekspo na CCNA, karanta wannan

Yau ba maganar gyaran caji ko canza sikirin zan yi ba. Wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san akwai waɗanda ba za ta yi wa daɗi ba.

Matasanmu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar sun fara sha'awar harkar netwok, kusan kullum sai wani ya tambaye ni yadda ake jarrabawar CCNA. Alhamdu lillahi. Amma kafin yaro ya buga umarni ko ɗaya da hannunsa, mutum biyu sun riga sun tare masa hanya. Na farko ya ce masa ba a koyon netwok sai da lab a gida, rauta uku, suwic uku, ya turo kuɗi a kawo masa daga Legas. Na biyu ya ce masa wa ya gaya maka ana wahala, ga tambayoyin jarrabawar nan da amsoshinsu a PDF, haddace kawai. Ni a wurina duk kanwar ja ce, kowannensu aljihunka yake kallo.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Jarrabawar ta kamfanin Cisco na Amurka ce, lambarta 200-301, an fara ta a wannan tsari a Fabrairun 2020. Minti 120 ake ba ka. Kuɗinta dala 300, kuma satifiket ɗin shekara 3 yake yi kafin a sabunta. Ko da dala tana naira 1,000 ne, dubu 300 ke nan, ka kuwa san ta wuce haka. In ka faɗi, babu ragi, sabon kuɗi za ka sake biya. To mai ɗan shagon POS ko mai koyon gyara da ya yi shekara yana tara wannan kuɗi a asusu, wace dabara ce ya fara rarake shi a kan abin da ba zai kai shi ko'ina ba?

Ɗauki mai ƙarafa tukuna. Hotunan da kake gani a intanet na mutum a gaban kanta cike da na'urori fitilu na ƙyalƙyali, a ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa aka ɗauke su, ɗakin kuma da na'urar sanyi. Kai fa? Abin da za a aiko maka irin su rauta 1841 ko 2811 ne da suwic 2960, kayan da wani ofis a Turai ya gama morewa ya zubar. Sai da wutar soket suke tashi, ba sa jin fawa bank. Masu fanka a cikinsu ƙura suke zuƙa, ka kuwa san abin da hunturun Lautai ke yi wa duk abin da ke da rami. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Mu da muke buɗe kaya kullum mun san yadda tsohuwar kafasita ke kumbura in zafi ya yi mata yawa, sannan a ƙara mata wutar janareta mai hawa da sauka. In bangaren wutarsa ya ƙone, wa ke da kayan gyaransa a nan? Sai ka yi kuɗin mota zuwa Kano, ka zaga Beirut da Farm Centre, wataƙila ka samu, wataƙila ka dawo da shi ya zama abin tokare ƙofa.

Abin haushin shi ne Cisco ɗin da kansu sun ba da maganin wannan kyauta. Manhajar Packet Tracer ta su ce. Ka yi rajista a Cisco Networking Academy, ba ko sisi, ka sauke ta a laftop. Tsohuwar laftop mai RAM 4GB tana ɗaukarta. Akwai wurin da za ka zaɓa ta riƙe shigarka na wata 3, daga nan ko ba data kana aikinka. A cikinta za ka jawo rauta goma in ka ga dama, ba mai, ba ƙara, ba ƙura. Mai ƙarafa ba zai taɓa gaya maka wannan ba, don ba shi da riba a ciki.

Ga aikin da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Jawo rauta huɗu, ka sa musu sunan ƙananan hukumomin masarautarmu: Gumel, Maigatari, Sule Tankarkar, Gagarawa. Haɗa su kamar zobe, kowace tana riƙe da biyu. An ba ka 192.168.10.0/24, raba wa garuruwan huɗu daidai. In ka yi lissafi za ka ga /26 ce, mas ɗinta 255.255.255.192, kowane gari adireshi 64, guda 62 ake amfani da su, suna farawa daga 0, 64, 128 da 192. Layukan da ke tsakanin rautocin kuma ka yanko musu /30 daga 10.0.0.0. Kunna OSPF, ka tura ping daga kwamfutar Gumel zuwa ta Maigatari. Ya tafi? To yanzu cire kebul ɗin da ke tsakaninsu, ka buga show ip route, ka ga yadda saƙon ya juya ya bi ta Gagarawa da Sule Tankarkar ya isa, kamar direban da ya tarar an rufe hanya ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari ya zaga ta ƙauye. Wallahi ranar da ka ga wannan da idonka, abin ya zauna ke nan. Sannan ka ɓata shi da gangan: canza mas a gefe ɗaya, ka ba abokinka ya nemo inda ciwon yake, shi ma ya ɓata ya ba ka. Haka muka koyi gyaran waya, da matattun allunan da oga ya jefar a kwali.

Wani zai ce ai Packet Tracer kwaikwayo ce, ba duk umarni take karɓa ba. Gaskiya ne. Amma abin da take da shi ya ɗauke maka mafi yawan abin da CCNA ke nema, VLAN ne, DHCP ne, NAT ne, ACL ne. In ka ƙure ta, ga GNS3 da EVE-NG, sai dai su suna son laftop mai ƙarfi. Ka ƙure ta tukuna mu gani.

Inda na yarda da mai ƙarafa guda ɗaya ne: dole hannunka ya taɓa kebul. To wannan ba ya buƙatar kanta. Sayi filayar matse kai, kawunan RJ45 kamar ashirin, 'yan mitoci na Cat6 da ƙaramar testa. Ka matse, ka ɓata, ka yanke, ka sake, har jerin launukan ya zauna maka ba sai ka duba ba, ka kuma riƙe cewa kebul ɗaya ba ya wuce mita 100. In da sauran canji, nemi MikroTik hAP lite. 'Yar ƙarama ce, ta kamfanin ƙasar Latbiya, 5V take ci ta micro USB kamar tsohuwar waya, fawa bank ɗinka ma ya ishe ta. Umarninta daban da na Cisco, amma tunanin ɗaya ne, kuma irinta masu sayar da Wi-Fi da tikiti suka fi ɗaurawa. In kuma ka dage sai ka taɓa Cisco na gaske, ku haɗu ku huɗu ku sayi suwic ɗaya da kebul ɗin konsol, a sa gudu 9600 a PuTTY, kowa ya yi kwana biyu da shi. Ɗaya ya isa.

Yanzu kai mai ekspo, da kai na fi jin haushi. Mai ƙarafa dai ko banza ya ba da abin da za a riƙe a hannu. Kai kuwa tambayoyin sata kake sayarwa, waɗanda Cisco ta haramta ƙarara, wanda aka kama ana iya soke masa satifiket a hana shi sake zama. Ba ka gaya wa yaron cewa amsoshin da ke cikin irin waɗannan takardu ba wanda ya tantance su. Ba ka gaya masa an sabunta manhajar jarrabawar a Agustan 2024 ba. Ba ka kuma gaya masa cewa akwai tambayoyin da za a buɗe masa na'ura a ce saita, babu A babu B. Mu ƙaddara ma ya tsallake. An kira shi cibiyar CBT, inda JAMB ke neman kwamfuta 250 a kan netwok ɗaya, saura kwana biyu jarrabawa, layi guda na kwamfutoci ya ƙi ganin saba. Wace PDF zai buɗe? Ranar nan sunansa ya ɓaci, kuma garuruwanmu ƙanana ne, kafin magariba labari ya kai tasha. Mu ma da muke zaune muna koyo da gaske ya shafa mana kashin kaji, gobe a ce yaran nan na gida takarda kawai gare su, a ɗauko wani daga Kano.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji ana cewa wai mu nan ƙauye ne, ba a yin irin wannan karatu. Jihar da ta buɗe makarantar Informatics a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba? Jihar da ɗanta na Haɗejia, Kashifu Inuwa Abdullahi, ya shugabanci NITDA? Starlink ta shigo Najeriya a 2023, mutane na saye suna neman wanda zai raba musu ita gida-gida da shago-shago. Ga kyamarorin tsaro, ga makarantu, ga asibitoci. Aikin yana nan, masu iya shi ne ba su da yawa.

Saura mai cewa ba shi da laftop, wanda shi ne uzurin da na fi girmamawa. Packet Tracer ta waya an daina ta, kada wani ya turo maka wani fayil ya ce ita ce, ka jawo wa wayarka ƙwayar cuta ka kawo mana gyara. Amma wayar ba ta zama banza ba. Lissafin raba adireshi biro da takarda yake so. Sauke Termux ka riƙa gwada ping da traceroute a kan hotspot ɗinka. Darussan Jeremy's IT Lab na YouTube kyauta ne daga farko har ƙarshe, da fayilolin gwajinsu, ka sauke su da datar dare. Laftop kuma ku yi karo-karo ku uku ko huɗu, a ajiye ta a shagon da ke da sola, a raba awanni. 'Yan uwa mata, ku ma da ku nake, wannan lab ɗin a tsakar gida ma ana yinsa.

Wanda ya haɗa zoben garuruwa huɗun nan, ya ɗauki hoton abin da show ip route ya nuna masa a rautar Gumel kafin ya cire kebul da bayan ya cire, ya turo. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗora VLAN a kan suwic ɗin Maigatari, mu raba 'yan kara da 'yan hatsi.