Gasar Ƙwallon Makarantu: Kada Mu Ci Kofi da Sojan Gona



Damina ta ja baya, yara sun koma makaranta. Duk wanda ya bi ta bayan makarantunmu da yamma zai ga an sare ciyawar fili, an ja layi da toka, an kafa itatuwan raga. Lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta makarantu ya zo ke nan. Akan fara ne tsakanin gida da gida a cikin makaranta, daga nan a fita a kara da makarantun ƙaramar hukuma, waɗanda suka tsallake su tafi shiyya, har a kai matakin jiha. Yara suna ɗoki, malaman wasanni suna ta lissafi, iyaye kuma ana ta damunsu da maganar takalmin ƙwallo. Mu ma muna murna da wannan lokaci. Amma akwai wata magana da muka daɗe muna yi ƙasa-ƙasa, wadda muke ganin ya kamata a faɗe ta a fili a wannan shafi kafin a busa usur na farko. Maganar kuwa ita ce ta sojan gona da rage shekaru a ƙungiyoyin makarantu.

Abin iri biyu ne, kuma babu wanda bai san shi ba. Na farko, a je unguwa ko tasha a ɗauko saurayin da ya iya ƙwallo, wanda ya daɗe da barin makaranta ko bai taɓa shiga ba, a ɗinka masa rigar makaranta, a liƙa hotonsa a kan sunan wani ɗalibi, a ba shi kuɗin sabulu. Na biyu, yaron ɗalibi ne na gaske, amma ya wuce shekarun da dokar gasar ta ƙayyade, sai a tafi kotu a yi takardar rantsuwa, a zabtare masa shekara uku ko huɗu. Ranar wasa a yi masa aski tas, a ja masa kunne cewa kada ya yi magana da yawa, don kada muryarsa ta tona asiri.

Wani zai tambaya, ina ruwan jaridar ikilisiya da wannan? Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Shekarun baya, ina aiki a wata ikilisiya ta karkara, wani uba ya zo gidana da dare tare da malamin wasanni na makarantar ɗansa. Bayan gaisuwa, sai uban ya ce, "Baba Fasto, wata 'yar alfarma muka zo nema." Yaron ya yi fice a ƙwallo, an zaɓe shi zuwa gasar 'yan ƙasa da shekara 15, alhali ya cika 18. Masu shirya gasar sun ce za su karɓi takarda daga majami'a a madadin takardar haihuwa. Abin da suke so shi ne in rubuta musu takarda da hatimin ikilisiya, in matsar da shekarar haihuwar yaron. Na ɗauko littafin rajista na buɗe musu shafin da aka rubuta ranar da aka miƙa yaron yana jariri, da rubutun hannun faston da ya riga ni. Na ce musu abin da ke cikin littafin nan shi zan kwafa, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Uban ya yi fushi, ya yi watanni bai gaishe ni ba. Na kuma san ba ni kaɗai aka taɓa kawo wa irin wannan roƙo ba. Tun da ana neman sa hannunmu da hatiminmu a cikin wannan sha'ani, ya zama namu, ko mun so ko ba mu so ba.

Ƙasarmu tana da tarihin da za ta yi alfahari da shi a ƙwallon matasa. A 1985 yaranmu suka je ƙasar Sin suka ci kofin duniya na farko na 'yan ƙasa da shekara 16, bayan sun doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, Nduka Ugbade yana kyaftin. Suka sake ɗaukar kofin, wanda ya koma na 'yan ƙasa da 17, a 1993 a Japan, da 2007 a Koriya ta Kudu, da 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a ƙarƙashin Manu Garba, da kuma 2015 a Chile, inda Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10. Sau biyar ke nan. Amma a cikin wannan tarihi akwai shafukan da suka sa muka sunkuyar da kai. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa har shekara biyu, saboda an ga ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da suka je gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. Dalilin haka aka karɓe mana damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, aka kai ta Fotugal.

A 2009, lokacin da aka yi gasar 'yan ƙasa da 17 a nan Najeriya, FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu ne. A jikin yaro mai girma akwai wani ɗan tsagi na guringuntsi kusa da ƙarshen ƙashin, inda ƙashi yake ƙara tsawo. Idan girma ya kammala, tsagin yakan haɗe ya zama ƙashi ɗaya, kuma da wuya a sami wanda bai kai 17 ba da nasa ya haɗe gaba ɗaya. Gwajin yana iya kuskure a kan mutum ɗaya ko biyu, amma ya tona asirin mutane da yawa. A 2016, ana dab da wasan share fage da Nijar, 'yan wasanmu 26 suka faɗi wannan gwaji. Aka harhaɗa waɗanda suka rage, Nijar ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya a lokacin. Nijar ce ta tafi gasar duniya a Indiya a 2017, mu muna gida. Maƙwabtanmu na Kamaru ma sun ɗanɗana irin wannan, inda 21 daga cikin yara 30 da suka tara suka faɗi gwajin. Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Waɗannan samari ba a sansanin ƙungiyar ƙasa suka fara koyon rage shekaru ba. Da yawa a filin makaranta suka fara, a gaban malamai da iyaye, ana tafa musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi, can zai nufa.

Mu duba waɗanda ake cuta. Na farko shi ne ɗalibin da ya yi wata biyu yana zuwa atisaye kowace yamma, wani lokaci da yunwa, ranar wasa kuma a ce ya tuɓe rigarsa ya ba wani baƙo da bai taɓa gani a aji ba, har ma a kira baƙon da sunansa. Wannan yaro ya koyi darasin da ba zai manta ba, cewa wahala ba ta biya, kuma manya suna iya sayar da kai saboda kofi. Na biyu shi ne yaron ɗaya makarantar, ɗan shekara 14, wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba, da za a haɗa shi da ƙato ɗan shekara 21. Karo ɗaya ya isa ya karya masa ƙafa, kuma mun san yadda jinyar karaya take a ƙauyukanmu, da yadda takan cinye zangon karatu sukutum. Na uku shi ne sojan gonan kansa. An ba shi 'yan kuɗi, an yi masa kirari, gasa ta ƙare an watsar da shi, ba karatu ba sana'a. Wanda aka rage wa shekaru kuwa zai ci gaba da jan ƙaryar nan zuwa takardar jarrabawa, da katin ɗan ƙasa, da takardar neman aiki, kullum yana fargabar ranar da takardunsa za su saɓa wa juna.

Mun san amsar da akan bayar: "Ai kowa yana yi. In ba mu yi ba, a zagayen farko za a fitar da mu." Ba za mu yi musu cewa za a iya fitar da mu ba. Mai yiwuwa ne a zura mana 4 ko 5, yara su dawo suna kuka a bayan mota. Mun kuma fahimci matsin da shugabannin makarantu suke ciki, musamman makarantu masu zaman kansu, inda kofi a kan tebur yakan jawo sababbin ɗalibai. Kuɗin da ake sawa a gasanni ma ya ƙaru. Tun gasar Shell Cup ta makarantun sakandare da aka fara a 1998, kamfanoni suka riƙa saka kyaututtuka masu tsoka. A gasar makarantu ta Afirka da hukumar CAF ta ƙaddamar a 2022, wadda aka yi wasan ƙarshenta na farko a Durban ta Afirka ta Kudu a 2023, wata makaranta daga Gini ta ci ɓangaren maza, wata daga Tanzaniya ta ci na mata, kowace ta sami dala 300,000 domin ayyukan raya makaranta. Inda kuɗi ya yi yawa, gwaji yakan yi yawa. Duk da haka, yaron da aka ci shi da gaskiya zai share hawaye ya koma atisaye, baɗi ya fi bana. Wanda ya ga malaminsa yana manna hoton wani a kan fom, me za mu ce masa ranar da muka kama shi da satar amsa a ɗakin jarrabawa?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu da muke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta masu yawa. Filin ƙwallo yana cikin wurare ƙalilan da 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suke haɗuwa, su sa riga iri ɗaya, su sha ruwa a bokiti ɗaya, su rungumi juna idan an ci. Wannan abu ne mai daraja da bai kamata mu yi wasa da shi ba. Sau da yawa rigimar da takan tashi bayan wasa, har a kai ga jifa da dukan alƙalin wasa, daga zargin sojan gona take farawa. A garuruwan da zaman lafiya yake da rauni, faɗan yara a fili ba ya tsayawa a fili. Ba mu da yawa, ba mu da ƙarfin faɗa-a-ji, amma iyayenmu sun bar mana suna cewa in an ga takarda daga hannunmu, abin da ke ciki gaskiya ne. Ranar da aka gane hatimin majami'a yana kan takardar ƙarya, to, takardun 'ya'yanmu masu gaskiya ma sun shiga zargi.

Kada kuma a ɗauka karatu da ƙwallo ba sa tafiya tare. Segun Odegbami a Jos ya yi sakandare, a kwalejin St. Murumba, ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan ya karanta aikin injiniya, kuma shi ne ya ci ƙwallo biyu a wasan ƙarshe da Aljeriya a 1980, ranar da Najeriya ta fara ɗaukar kofin Afirka. Irin wannan ɗan wasa makaranta take iya fitarwa idan ta yi haƙuri ta reni nata.

Saboda haka muna kira ga fastoci da sakatarorin ikilisiya, kada kowa ya ba da takardar da ta saɓa wa littafin rajista, ko wane ne ya zo nema. Idan littafin ya tsufa ko gara ta fara cinsa, a kwafe shi a gaban dattawa, a adana. Iyaye kuma su yi wa jarirai rajistar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa tun da wuri, domin rashin takardar asali shi ne ƙofar da ƙaryar take shigowa. Shugabannin makarantunmu su duba jerin 'yan wasa da idonsu, su gwada shi da rajistar aji da sakamakon zangon da ya wuce kafin su sa hannu, a kuma kafe jerin a allon sanarwa don kowane ɗalibi ya gani. Malamin wasanni da ya ƙi ɗaukar sojan gona, ƙungiyarsa ta faɗi, ya kamata hukumar makaranta ta tsaya masa a gaban iyaye da tsofaffin ɗalibai. Idan mun ga wata makaranta ta kawo ƙato, a rubuta ƙara zuwa ga masu shirya gasa kafin wasa ko nan take bayansa, kamar yadda dokar gasar ta tanada, kada a bar wa 'yan kallo hukunci. Zumuntar mata da ta matasa su fito kallo, na maza da na 'yan mata duka, su kawo wa yara ruwa da lemo, gama idon iyaye a bakin fili yana hana abubuwa da yawa.

Yaron nan da na ba ku labarinsa bai je waccan gasa ba. Wani ƙaramin yaro ne ya tafi a gurbinsa, aka kuma fitar da makarantar a wasa na biyu. Shi kuwa ya gama karatunsa da shekarunsa na gaskiya, yau malamin firamare ne, yana horar da yara ƙwallo da yamma. Ubansa ma mun shirya tun kafin in bar garin.

Muna yi wa dukan ƙungiyoyinmu fatan alheri a wannan kaka. Allah ya tsare yaranmu daga rauni, ya kiyaye su a hanyar zuwa da dawowa, ya ba alƙalan wasa adalci. Amin.