Tuwon masara a zamanin Rumfa

Ƙannenmu, makon jiya mun sha kunya a ƙungiyarmu ta marubuta a jami'a. Mun rubuta labarin wata 'yar talla a Kasuwar Kurmi, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Muka ɗora mata faifan gyaɗa, da dare muka ba ta tuwon masara da miyar tumatir. Malaminmu na Tarihi ya karanta, ya yi murmushi ya ce, "To, yarinyar nan taku ta riga Kolumbus zuwa Amurka ke nan."

Da gaskiyarsa. Masara, gyaɗa, rogo, tumatir, har barkonon da muke ganin namu ne tun kaka da kakanni, duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma Kolumbus bai isa can ba sai 1492. Dole muka koma wa gero da dawa, kuka da daddawa, yaji kuwa masoro da kimba.

Wuri ma ya kayar da mu. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ce sai zamanin Sarki Sharefa, bayan 1700, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Abin haushi, kundin ya fi damuwa da sarakuna da yaƙe-yaƙe, ba ruwansa da kwanon 'yar talla. Muka ruga wajen Barth, Bajamushen da ya bayyana kasuwar dalla-dalla, sai muka tuna a 1851 ya zo, shekara 352 bayan Rumfa.

Yanzu dai fura yarinyar ke sayarwa, kuma shafi uku muka yage.