Bangaskiyar da wuta ba ta ci ba: Darasi daga Kiristocin Garkida, Kwarhi da Michika

A ranar 17 ga Maris, 1923, wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, garin da yanzu ke Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa. Daga wannan inuwa ce aka samu Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. A ranar 21 ga Fabrairu, 2020, mayaƙan Boko Haram suka shiga Garkida suka cinna wa gidaje da majami'u wuta, har da majami'ar EYN. Bayan shekara uku, a watan Maris na 2023, mabiyan wannan ikilisiya suka taru suka yi bikin cikarta shekara 100.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya riƙe waɗannan mutane? A taron manema labarai da ya yi a 2020, shugaban ikilisiyar na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya ce an kashe mabiyanta sama da 8,000, an raba sama da 700,000 da muhallinsu, sannan an ƙona ko an lalata majami'u 300 daga cikin 586. Ya ce daga cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a ranar 14 ga Afrilu, 2014, guda 217 'ya'yan EYN ne. Ƙungiyar da aka yi wa irin wannan ɓarna, in da gini da kuɗi ne kaɗai suka haɗa ta, da tuni ta watse.

Amsar da su kansu ke bayarwa kalma ɗaya ce: bangaskiya. Kalmar Bahaushiya ce tsantsa, daga "ba da gaskiya", kuma ita Kiristocin Arewa ke amfani da ita a inda Musulmi zai ce imani. Ta zauna daram a bakinsu ta hanyar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda cikakkiyar fassararsa ta fara fitowa a 1932. Ma'anarta ta wuce yarda da cewa akwai Allah. Wanda ya ba ka gaskiya ya miƙa maka amanarsa ne tun kafin ya ga ƙarshen magana. A koyarwar Kirista, bangaskiya ita ce mutum ya danƙa ransa ga Allah ta wurin Yesu Almasihu, ya ci gaba da dogara gare shi ko da abin da ido ke gani yana nuna akasin haka.

Wahala kuwa tana tsakiyar wannan addini tun tushe. Kiristoci sun gaskata cewa an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, kuma a nan ne suka bambanta da Musulmi, waɗanda aƙidarsu ita ce ba a gicciye Annabi Isa ba. Bambancin na gaske ne, babu amfanin ɓoye shi. Amma duk mai son fahimtar maƙwabcinsa Kirista ya kamata ya san cewa gicciyen da yake gani a saman majami'a alama ce ta azaba, kuma mai bi yana tashi ne da sanin cewa wanda yake bi ya sha wuya kafin ɗaukaka. Manzo Bulus, wanda aka danganta masa da yawa daga wasiƙun Sabon Alkawari, ya rubuta wasu daga cikinsu yana tsare a kurkuku. A wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya ɗauki ƙunci a matsayin makarantar da ake koyon jimiri a cikinta, har a kai ga sa zuciya ga Allah.

Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Musulmi, wanda ya taso da sanin cewa duniya gidan jarrabawa ce. Labarin Annabi Ayuba, da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya bai juya wa Ubangijinsa baya ba, ana karanta shi a masallaci ana karanta shi a majami'a. Bahaushe na kowane addini ya san mahaƙurci mawadaci ne.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa wahala da kanta take gina bangaskiya. Akwai waɗanda bala'i ya bar su da ɗacin rai har suka daina addu'a, akwai kuma waɗanda ya mayar masu neman fansa. Wutar da ke gasa tukunya ta yi ƙarfi ita ce ke fasa wadda ba a gina da kyau ba. Abin dubawa shi ne abin da mutum ko al'umma suka yi da wahalar bayan ta zo. A tarihin EYN na 'yan shekarun nan ana iya ganin hakan a fili.

A ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram ta mamaye Mubi da kewaye, ta ƙwace hedikwatar EYN da ke Kwarhi, inda kwalejin horar da fastocinta take. Shugabannin suka koma Jos na wucin gadi, mabiya suka bazu zuwa Yola, Abuja, Kamaru da kan duwatsu. Mutanen da suka saba da sujada a ƙarƙashin rufin kwano suka koma yin ta a sansanonin gudun hijira da gindin itatuwa, kamar yadda aka faro a 1923. Darasin farko da suka koya shi ne wanda fastocinsu suka daɗe suna faɗa ba a ji shi sosai ba: ikilisiya jama'a ce, majami'a kuwa gini ne. A wasu garuruwan da 'yan gudun hijira suka sauka, an wayi gari da sababbin majami'un EYN a inda babu su a da.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko nauyi. EYN ta fito ne daga wata ɗarikar Kirista da aka sani a duniya da ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwar gayya. Wa'azin yafe wa maƙiyi ba shi da wuya a lokacin da babu maƙiyin. Wuyarsa tana bayyana ne ranar da mutum ya binne ɗansa, kuma ya san cewa a cikin waɗanda suka nuna gidansa akwai wanda suka yi makaranta tare. Ba za a ce kowane mabiyi ya ci wannan jarrabawa ba, domin mutum tara yake bai cika goma ba. Amma shugabancin ikilisiyar bai kira mabiyansa su rama a kan maƙwabtansu Musulmi ba, kuma wannan matsaya ta taimaka wajen hana rikicin Arewa maso Gabas rikiɗewa zuwa yaƙin addini tsakanin unguwa da unguwa, wanda shi ne abin da maharan suke so.

Daga nan ne wasu suka mayar da baƙin cikinsu aiki. Dakta Rebecca Dali, matar Rabaran Samuel Dali da ya shugabanci EYN a lokacin da aka ƙwace Kwarhi, ita ma ta yi gudun hijira, amma cibiyarta ta CCEPI ta ci gaba da tallafa wa zawarawa, marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram, ba tare da tambayar addininsu ba. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello saboda wannan aiki. A Gurku kuma, cikin Jihar Nasarawa, wani ɗan EYN, Markus Gamache, ya jagoranci kafa matsugunin da Kiristoci da Musulmi 'yan gudun hijira ke zaune tare, da majami'a da masallaci. Idan ana neman ma'aunin girman bangaskiya, ga shi nan: yawan mutanen da zuciya ta iya ɗauka bayan an ƙuntata mata.

Akwai kuma waɗanda jarrabawar ta kai su bakin rai. A farkon Janairu na 2020 aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, a Ƙaramar Hukumar Michika. A bidiyon da masu garkuwa da shi suka fitar, ya roƙi a sa baki a ceto shi, domin mutum ne mai son komawa ga matarsa da 'ya'yansa. A cikin bidiyon nan dai ya nuna bai karaya ba, ya ce al'amarinsa na hannun Allah, ya kuma buƙaci iyalinsa su yi haƙuri su gode wa Allah ko da bai dawo ba. A ranar 20 ga watan aka kashe shi. Bai nemi mutuwa ba, kuma bai sayar da abin da ya gaskata don ya rayu ba.

Haka nan Leah Sharibu, wadda tana da shekara 14 aka sace ta tare da sauran ɗalibai sama da ɗari daga makarantar 'yan mata ta Dapchi a Jihar Yobe, ranar 19 ga Fabrairu, 2018. Bayan wata guda aka mayar da 'yan uwanta, ban da biyar da suka rasu. Waɗanda suka dawo sun ce an riƙe ta ne saboda ta ƙi barin addininta. Shekaru sun shuɗe iyayenta suna jira.

A nan ne ya kamata a yi hattara da abu biyu. Na farko yana cikin gidan Kirista ne. Akwai masu wa'azi a biranen ƙasar nan da ke koyar da cewa alamar bangaskiya ita ce mota, gida da lafiya, wanda ya rasa su kuwa bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan wa'azi ba shi da abin da zai faɗa wa bazawarar Michika ko uwar da ke Chibok tana jiran 'yarta sama da shekara goma. In da arziki ne ma'auni, da Andimi ya faɗi jarrabawa. Shugabannin majami'u na da alhakin gyara wannan koyarwa, domin tana ɗora wa wanda aka zalunta laifin abin da ya same shi.

Na biyu ya shafi hukuma. Haƙurin mai bi ba hujja ba ce ga gwamnati ta naɗe hannu. Sau da yawa jami'ai kan je jaje, su yaba wa mutane kan juriya, su koma Abuja ko Yola ba tare da an ƙara jami'in tsaro ko ɗaya a ƙauyen ba. Tsarin mulkin 1999 ya sa tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, ya kuma ba kowa 'yancin addini. Yabon bangaskiyar Leah ba zai maye gurbin dawo da ita gida ba. Akwai 'yan matan Chibok da dama da har yanzu ba su dawo ba, akwai ƙauyuka a kudancin Borno da arewacin Adamawa da manomi ke zuwa gona da fargaba. Mai bi na iya yafe wa wanda ya cuce shi, amma hukunta mai laifi da kare wanda ya rage aikin hukuma ne.

Ya kuma kamata a tuna cewa wannan wuta ba ta zaɓi gida ɗaya ba. Wata guda bayan faɗuwar Kwarhi, a ranar 28 ga Nuwamba, 2014, aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano, aka kashe masallata sama da ɗari. Musulmi da dama, har da malamai, sun rasa rayukansu saboda sun ƙi bin aƙidar maharan. A watan Yuni na 2018 kuma, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Abin da ya tsayar da limamin a bakin ƙofa da abin da ya sa Rebecca Dali ta ciyar da marayan Musulmi sun fito daga aƙidu mabambanta, amma duk biyun sun nuna abin da addini ke iya yi idan wahala ta tace shi.

Saboda haka, ga Musulmin da ke zaune kusa da Kirista, sanin ma'anar bangaskiyar maƙwabcinsa ba zai rage masa imani ba, sai dai ya rage masa saurin yarda da jita-jita. Ga Kirista kuma, tarihin EYN tunatarwa ce cewa ana auna bangaskiya ne da abin da ta hana mutum aikatawa a ranar fushi da abin da ta sa shi aikatawa a ranar rashi. Mutanen Garkida, Kwarhi da Michika sun riga sun biya nasu kason da jininsu da gidajensu. Abin da suke bin sauran 'yan ƙasa da gwamnati shi ne a tsare musu hanyar gona da ta majami'a, a kuma dawo musu da 'ya'yansu da ke daji.