Martani Ga Malamin Da Ya Ce Na Yi Wa Rabe Kirari

Malam, an kawo mini takardar da kuka rubuta kan jawabin da na yi wa ɗalibai a nan Potiskum, inda na jera faɗuwar Nafoliyon na Faransa da ta Rabe. A teburin mai shayi na karanta ta, sau biyu, har shayin ya yi sanyi. Zargi huɗu na ƙirga. Na ƙarshen ma da jan biro kuka ƙara shi a gefe, alamar ran Malam ya ɓaci.

Kun ce na yabi azzalumi. Ban yabe shi ba. Mutumin da ya ƙone Kukawa a 1893, ya kashe Shehun Barno Kyari a 1894, ya yi safarar bayi, wane yabo zan yi masa a ƙasar da ta ɗanɗana kuɗarsa? Cewa na yi ya iya tsara mayaƙa, tuta-tuta, kowace da shugabanta. Faɗin kaifin haƙorin kura ba kirari ba ne.

Na biyu, kun ce sanyin Rasha ne ya gama da Nafoliyon, ba wata haɗaka ba. Gaskiya ne yaƙin 1812 ya cinye masa runduna. To amma, Malam, wanda sanyi ya gama da shi ya aka yi ya tara sababbin sojoji, ya ci yaƙi biyu a watan Mayun 1813, ya kuma ci na Dirasdin a Agusta? Abin da ya sauya shi ne dabarar abokan gabansa. Rasha da Farusiya da Austiriya da Suwidin suka yi shawara, da kuɗin Ingila a bayansu: in shi ne da kansa ya fito, a ja da baya, in hafsoshinsa ne, a far musu. Haka suka yi ta yi masa yankan baya har suka ritsa shi a Laifzig, 16 zuwa 19 ga Oktoba, su sama da 300,000, shi bai kai 200,000 ba. Ana tsakiyar ɗauki-ba-daɗi sojojin Sakson suka juya masa baya. Mai jagorantar Suwidin kuwa, Barnadot, tsohon hafsansa ne. A Watalu ma, 18 ga Yunin 1815, ba ƙanƙara aka yi ba; Walintan na Ingila ne ya daure har Bulusha ya iso da 'yan Farusiya.

Na uku, nan ne muka fi saɓani. Kun ce igwa ce kawai ta kashe Rabe. Ban raina igwa ba. Amma a Yulin 1899 Faransawa a ƙarƙashin hafsansu Biretone suna da igwa a Togbawo, Rabe ya murƙushe su. A Kuno, cikin Oktoba, suka sake gwabzawa ba su iya gamawa da shi ba. Sai da runduna uku suka haɗu: ɗaya ta ratso Sahara daga Aljeriya ta Agadas, ɗaya ta biyo ta Damagaram, ta uku ta hauro daga Kwango. Kuma ba su kaɗai ba ne. Sarkin Bagarmi Gawrang, wanda Rabe ya ci ƙasarsa, ya ba su mayaƙa. Sanda Kura, jinin Shehu Laminu, yana tare da su yana neman gadon gidansu. A ɓangaren Rabe kuwa, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya auri 'yar Rabe, shi ne amini mafi daraja da yake da shi, amma hannun Fadlallah ɗan Rabe ne ya kashe shi. Ranar 22 ga Afrilun 1900 a Kusuri, wa ya rage da zai kawo wa Rabe ɗauki? Aka sare kansa. Kwamandan Faransawa, Lami, shi ma a ranar ya mutu, shi ya sa Injamena ta daɗe tana amsa sunansa.

Na yarda da ku a abu ɗaya: kamancen yana da iyaka. Sarakunan Turai sun karɓi kujerunsu bayan Nafoliyon, su kuwa Gawrang da Sanda Kura sun wayi gari a ƙarƙashin waɗanda suka taya yaƙi. Da na faɗi haka ga ɗaliban, da ya fi. Wannan laifina ne.

Sai na jan biro: wai me ya haɗa ɗan Potiskum da wannan tarihi? Malam, ku hau mota zuwa Damaturu, ku karkata kudu ta hanyar Biu, za ku isa Gujba. Bayan Kusuri, Fadlallah ya yo yamma da ragowar tutocin ubansa, yana zawarcin Ingilishi ko za su ba shi sarautar Barno. Kafin su yanke shawara, Faransawa suka tsallako cikin rabon Ingila suka cim masa a Gujba, cikin Agustan 1901, suka kashe shi. In kun shirya tafiyar, kuɗin motar a wuyana.