Kaal bai kai Dakta Arya ba

Wani marubuci ya ce Krrish 3 na 2013 shi ne gwarzon jerin fina-finan Krrish, wai domin bos ɗinsa Kaal ya fi kowa ban tsoro. Samarin unguwar Nasarawa Gwom da suka kalli jerin tun daga Koi... Mil Gaya na 2003 sun san wannan magana ba ta da tushe. A Krrish na 2006, Dakta Arya, wanda Naseeruddin Shah ya fito a matsayinsa, bai da wani ƙarfi sai wayo. Ya sa Rohit, mahaifin Krrish, ya ƙera masa kwamfuta mai hango gobe, sannan ya tsare shi shekara da shekaru, uwarsa tana zaton ya mutu. Wannan cin amana ce da kowa ya san irinta, shi ya sa take sosa zuciya.

Za a ce Kaal yana yaɗa cuta don ya sayar da magani, kuma wannan mugunta ce babba. Haka ne, amma fim ɗin da kansa ya watsar da wannan zaren, ya ɓuge da rusa benayen Mumbai, Kaal cikin sulken ƙarfe yana ta ihu.