BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da ku 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi namu na ajami, akwai wata al'ada da ta yaɗu cikin garuruwanmu wadda ta kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Yaro ya shekara biyar a makarantar firamare guda, ya san malamansa sun san shi, sai ya shiga aji shida, jarrabawar shiga sakandare ta matso, sa'an nan hankalin ubansa ya tashi. A bakin rumfa ko a ƙofar masallaci wani ya ce masa ai makarantar wane ita ce mai fid da yara, bara duk sun ci. Kafin mako ya zagayo an ɗinka sababbin tufafi, an biya kuɗi, an ɗauke yaro an kai shi inda bai san kowa ba. Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake: galibi ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa, ko da ya ke akwai wuraren da ɗauke yaron ya zama tilas, za mu kuwa ambace su.

Da farko sai mu san abin da ake gudu da abin da ake nema. Tun shekarar 1976 da aka buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi yawa a ajujuwa, malamai da kujeru suka kasa. A 2004 aka yi dokar da ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Saboda haka kokawar da iyaye ke yi ta neman gurbi ce a makarantun da suka yi suna, irin kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ta Sakkwato na cikin na farkonsu tun 1966, da makarantun kwana na jihohi, da waɗansu na kuɗi. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, hedkwatarta na Minna, ita aka ɗora wa shirya jarrabawar shiga kwalejojin Tarayya. Da Turanci ake tambaya, abin da ake aunawa kuwa shi ne lissafi, da fahimtar Turanci, da ɗan abin da ya shafi kimiyya da zaman jama'a, da kaifin tunani wajen lambobi da kalmomi.

To, duk mai hankali ya duba waɗannan, zai ga ba abin da ake cusa wa yaro cikin wata uku ba ne. Wanda bai riƙe jadawalin sau ba a aji uku, ba ya iya rabawa a aji huɗu, wanda kuwa bai iya rabawa ba, ɓangarorin lamba na aji biyar duhu ne gare shi. Mu da muke zaune a zaure da allo mun san wannan sarai. Yaron da bai ƙware a babbaƙu ba, ba a kai shi farfaru. Wanda farfarunsa ya yi rauni, ko an hau da shi hajjatu sai ya riƙa tuntuɓe a kowane layi. Sauya masa zaure ba ya gyara masa baƙin da bai sani ba, sai an komar da shi inda ya ɓata. Manomi ma ya san lokacin dashe: tun shuka tana ƙarama, ƙasa da laima. Wanda ya tumɓuke gero bayan ya yi ciki don ya ga wata gona ta fi taki, ya yi hasarar damina.

Wani zai ce, ashe magabata ba su yi ta tafiya daga malami zuwa malami ba? Gaskiya ne, sun yi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa waɗanda ya ɗauki karatu a wurinsu, shi kuma Shehu Usmanu ya yi karatu wurin 'yan'uwan iyayensa kafin ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru. Amma fa tafiyar magabata tana da ladabi. Sai an sauke littafi ake tashi, a nemi izini, a karɓi addu'a. Shaihu Zarnuji a cikin Ta'alimul Muta'allimi ya kawo shawarar cewa mai neman ilimi ya jinkirta har wata biyu yana bincike kafin ya zaɓi malami, domin kada ya fara ya bari, ya kuma yi horo da a dawwama a kan malami guda da littafi guda har a kai ƙarshe. Idan baligi mai neman ilimi da ƙafarsa aka ce ya yi bincike na wata biyu, ina ga yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da za a ɗauke shi saboda hirar bakin kasuwa?

Ga kuma abin da yaron ke gamuwa da shi wanda uba ba ya gani. Kowace makaranta da littattafanta da inda ta kai a manhaja, sai ya tarar an wuce abin da bai yi ba, ana maimaita abin da ya riga ya sani. Sabon malami bai san inda yake da rauni ba, kafin ya gane zango guda ya wuce, alhali shekarar duka zango uku ce. Yaron da ya fito daga ajin da ake yi masa bayani da Hausa, aka jefa shi inda ake hukunta mai magana da Hausa, yakan yi shiru, ya daina tambaya, har a ɗauka daƙiƙi ne, nan kuwa baƙunci ne ya kama bakinsa. Rajistar jarrabawa kuma watanni kafin ranarta ake yi, wanda aka ɗauke shi a tsakiyar shekara yana iya faɗawa tsakani, can an cire sunansa, nan ba a sa ba.

Ku 'yan kasuwa, ku kuka fi kowa sanin lissafin riba da faɗuwa. Ku tara kuɗin shiga, da na zango, da tufafi, da littattafai, da kuɗin mota safe da yamma, da na darasin bayan tashi, ku auna da abin da za ku biya malami nagari guda ya zauna da yaron sa'a ɗaya kullum a gida, yana gyara masa lissafi da karatu. Ba wanda zai bar dillalin da ya shekara biyar yana hulɗa da shi, ya miƙa kayansa ga baƙo ranar kasuwa don kawai ya ji yana da daɗin baki. Fenti a bango da babban allo a ƙofa ba su ne karatu ba.

Sa'an nan akwai abin da ya fi damunmu. Shekarun nan na aji biyar da shida su ne yawancin yara ke kusantar sauka. Sau nawa muka ga yaro ya kai izu arba'in ko hamsin, aka kai shi makaranta mai nisa wadda ba a tashi sai bayan la'asar, ya komo a gajiye, allo ya yi ƙura a rataye, aka ce in an gama jarrabawa zai koma? In an gama kuwa sai makarantar kwana ta ɗauke shi, izu goma da suka rage su zama bashin da zai tsufa da shi. Ba mu ƙin boko, 'ya'yanmu ma suna cikinsa, muna kuwa son su zama likitoci da alƙalai. Amma uban da ke auna makaranta, lalle ya sa lokacin Alƙur'ani cikin ma'auninsa.

Mafi muni duka shi ne makarantar da ke yi wa uba alkawarin cewa ko ta halin ƙaƙa ɗansa zai ci. Ba mai ikon wannan alkawari sai wanda ya shirya satar amsa. Haka nan rantsuwar ƙarya a kan shekarun yaro, ko jingina shi ga jihar da ba tasa ba don neman gurbi, ko tsallakar da shi daga aji huɗu zuwa sakandare don a ce ɗan wane ya yi sauri. Wannan ha'inci ne, tauye mudu ne, gurbin ɗan wani aka cinye. Yaron da ubansa ya saya masa sakamako ya koyi darasi guda wanda ba zai manta ba, watau gaskiya abar sayarwa ce. Garin neman gira an rasa ido.

Amma kada a fahimce mu a karkace, a ce mun ce a bar yaro cikin halaka. Idan malamai ba sa zuwa aji, yara suna yini suna wasa. Idan yaro ya kai aji biyar bai iya karanta layi guda ba, aka yi wa shugaban makaranta magana bai ɗauki mataki ba. Idan ana dukansa dukan da ya wuce ladabtarwa, ko an ga tarbiyyarsa na lalacewa. Idan hanyar makarantar ta zama mai haɗari, musamman ga 'ya'ya mata. Ko kuwa gida ya tashi zuwa wani gari, to a nan ɗauke shi wajibi ne, ko da saura wata guda. Kare rai da mutunci yana gaba da kowace jarrabawa. Kuma in yaron ya yi rauni ƙwarai, gara ya maimaita aji a sabon wurin da a tura shi gaba da gurguwar ƙafa, gama shekara guda ba komai ba ce cikin rayuwar mutum.

Saboda haka ga shawararmu. Kafin uba ya yanke hukunci, ya zaunar da ɗansa ya ba shi littafi ya karanta, in shi bai iya boko ba ya nemi amintacce ya saurara. Ya duba littattafan aikinsa ya ga ko malami na gyarawa. Ya tafi makarantar da kansa, tsohuwar da sabuwar, ba tare da ya aika zai zo ba, gama gani ya kori ji. Ya tambayi iyayen da 'ya'yansu suka fita bara, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Ya shawarci uwar yaron, ita ta fi sanin barcinsa da kukansa, ya shawarci malaminsa na allo, ya ji ta bakin yaron kansa, sa'an nan ya yi istihara. In sauyin ya tabbata, mafificin lokaci shi ne ƙarshen aji uku ko na huɗu, a farkon sabuwar shekarar karatu, tare da takardar shaida daga tsohuwar makaranta da sallama ta mutunci ga malaman da suka yi wahala da shi.

Ku kuma masu 'ya'ya a aji ɗaya da biyu, wannan magana taku ce fiye da kowa. Yau ne ranar fafe gora, tun tafiya tana nesa. 'Ya'ya amana ne, za a kuwa tambaye mu a kansu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani duniya da lahira, amin. Haza wassalamu.